Waiwaye: Kifin Cam Ne Ya Ci Ƙugiya, Ko Fizgo Shi Aka Yi?

Duk shekara, daga ƙarshen Oktoba zuwa cikin Nuwamba, akwai wata gardama da ke tashi a bakin ruwan Hoodsport, wani ƙaramin gari a jihar Washinton ta Amurka. Gwamnatin jihar tana da gidan ƙyanƙyasar kifi a wurin, daidai inda rafin Finch yake zuba cikin mashigin teku na Hood Canal. Kifayen cam, wani nau'in salmon, da aka saki suna 'yan mitsi-mitsi shekara uku ko huɗu da suka wuce su ne ke dawowa, dubbai, su yi cincirindo a bakin rafin har ruwan ya yi duhu. Masu fatsa su ma su yi sahu, kafaɗa da kafaɗa, ruwa iya ƙugu, ga sanyi ga yayyafi. Can sai ka ga sandar wani ta lanƙwashe, zare yana ta zuƙewa. Ya yi ta fama, ya ja, kifi ya ja. Da kifin ya iso gabansa sai a ga ashe ta wutsiya yake tahowa, ƙugiya ta kafe a gadon bayansa. Na kusa da shi ya ce masa, malam, wannan ba ci ya yi ba, fizgo shi ka yi. Shi kuma ya ce a irin wannan cunkoso kowa ma fizga yake yi, masu cewa kifin yana ci kansu kawai suke yaudara.

Gardamar ta girmi duk waɗanda ke tsaye cikin ruwan nan, kuma asalinta yana jikin kifin kansa.

Cam ɗaya ne daga cikin nau'o'in salmon biyar da ke barin tekun Fasifik su shiga kogunan yammacin Amurka ta Arewa, kuma shi ya fi sauran yaɗuwa: ana samunsa tun daga Koriya da Japan da gabashin Rasha, har Alaska da Kanada, ya gangaro zuwa jihar Oregon. Rashawa na ce masa keta. Sunan cam kuwa daga wani tsohon harshen kasuwanci na gaɓar tekun ya fito, ma'anarsa mai dabbare-dabbare. A teku jikinsa fari ne tas kamar azurfa, amma da ya doshi ruwan daɗi sai ya rikiɗe ya koma kore-kore mai ratsin ja da shunayya, namijin kuma ya fitar da fiƙoƙi. Waɗannan fiƙoƙi, da kuma yadda mutanen Alaska ke busar da shi don ciyar da karnukan da ke jan kaya a kan ƙanƙara, su suka jawo masa laƙabin kifin kare. Yawanci nauyinsa kilo 4 zuwa 7 ne, ga ƙarfin tsiya. Waɗanda ke hawa kogin Yukon, na Alaska da Kanada, wasunsu kan yi tafiyar sama da kilomita 3,000.

Duk wannan tafiya ba da abinci yake yin ta ba. Da zarar salmon na Fasifik ya doshi ruwan daɗi a hanyarsa ta zuwa rafin da aka ƙyanƙyashe shi, sai ya daina kiwo, hanjinsa ya tsuke, ya koma rayuwa da kitsen da ya tara a teku. Ya isa, a zuba ƙwai cikin tsakuwa, bayan 'yan kwanaki ya mutu. To kifin da ya rufe bakinsa ga abinci, me zai kai shi ga ƙoton da ke bakin ƙugiya? Daga nan tambayar ta taso, kuma ba tambayar banza ba ce.

A da babu wanda ya damu da ita. Ƙabilun asali na gaɓar Fasifik shinge suke kafawa a rafi, su tare kifin da raga, ko su soke shi da mashi, ko su ɗauko shi da ƙatuwar ƙugiya da aka ɗaura a kan doguwar sanda. Mutanen Ainu na tsibirin Hokkaido, a arewacin Japan, suna da irin wannan makami da suke kira marek, kuma cam shi ne cimarsu ta hunturu, har suna kiransa kifin alloli. Gwamnatin Japan ta zamanin Sarki Meiji ce ta hana su kama shi a kogi tun cikin shekarun 1870, kuma har gobe dokar Japan ta hana mutum ya kama salmon a cikin kogi sai da izini na musamman. Duk wanda ya san mamari, doguwar igiyar nan mai ɗaruruwan ƙugiyoyi da masuntan Tafkin Chadi da na Kainji ke shimfiɗawa babu ƙoto, kifi ya zo wucewa ta sarƙafe shi, ya san cewa kama kifi ta jiki ba baƙon abu ba ne ga mai neman abin kaiwa baki. Mai iyali bai taɓa tsayawa tambayar ko kifi ya yarda ba.

Batun yardar kifi daga wajen masu fatsar nishaɗi ya fito, musamman na Birtaniya, inda kogunan salmon mallakar masu ƙasa ne, kuma fizga aikin ɓarayin kifi ne da ke zuwa da dare. A wurinsu gwaninta ita ce ka yaudari kifi ya buɗe baki da kansa. Wannan ra'ayi ya shiga doka, kuma dokar kamun salmon ta Ingila da Wales ta 1975 ta lissafa ƙugiyar fizga cikin haramtattun kayan su, tare da mashi da tarkon waya. Turawan da suka mamaye yammacin Amurka da Kanada da wannan tunani suka zo. Ban ga yadda za a ba da wannan tarihi a tsallake abin da ya biyo baya ba: an yi amfani da dokokin kiyaye kifi wajen korar ƙabilun asali daga kogunan kakanninsu, alhali kamfanonin gwangwani na kwasar kifin da jirage. A jihar Washinton sai a 1974 Alƙali George Boldt ya yanke hukuncin cewa ƙabilun da suka ƙulla yarjejeniya da gwamnati suna da haƙƙin rabin kifin da ya halatta a kama. Shi ya sa a Hoodsport za ka ga 'yan ƙabilar Skokomish suna jan taru a ranakunsu, masu fatsa kuma suna nasu da ƙa'idojinsu daban.

Wurin da aka fi gwada maganar "ai ba sa ci" ba a gaɓar Fasifik ba ne, kuma ba a kan cam ba ne. A 1966 jihar Mishigan ta zuba salmon nau'in koho a rafukan da ke shiga manyan tafkunan Amurka, a shekara mai bi ta ƙara da nau'in cinuk, don su cinye wani ƙaramin kifi da ya yi yawa har yana mutuwa yana ruɓewa a bakin gaɓa. Da kifayen suka girma suka cika koguna, jama'a da hukuma duk sun ɗauka ba za su kula ƙoto ba, kuma tunda mutuwa za su yi, sai aka halatta fizga. Makamin shi ne ƙatuwar ƙugiya mai baki uku da aka zuba wa dalma a gindi. A jefa ta tsakiyar garken kifi, a fizgo da ƙarfi, a sake fizgowa, har ta caki wani abu. Garin Pulaski na jihar New York, wanda koginsa ke zuba a ɗaya daga cikin tafkunan nan, ya yi suna da wannan. Amma abin ya zo da rikici: faɗace-faɗace a bakin kogi, shara, kifayen da aka farke cikinsu aka kwashe ƙwai aka yar, da wasu nau'o'in kifi da ba su ake nema ba suna yawo da raunuka. Jihohi suka riƙa janyewa ɗaya bayan ɗaya, New York ta rufe ƙofar a 1995. Da aka daina razana kifin da dalma, sai masu haƙuri suka nuna cewa yana kai wa ƙoto cafka. Jihar Illinois dai har yanzu tana barin fizga a wasu 'yan wurare a gaɓar tafkin Mishigan, ciki har da Shikago, daga Oktoba zuwa Disamba.

Dokokin yau sun gaji duk wannan tarihi, shi ya sa suka bambanta. A Washinton fizga ita ce ƙoƙarin kama kifi ta yadda ba shi ya ɗauki ƙugiyar da bakinsa don son ransa ba, kuma laifi ne. A ruwan daɗi ba a riƙe kifi sai ƙugiya ta kama cikin baki ko a kai, a wasu kogunan ma cikin bakin kaɗai aka yarda, kuma da ƙugiya mai baki ɗaya. A Alaska an hana fizga a ruwan daɗi, amma a yawancin ruwan gishiri halak ce.

Sai masu wayo suka gano wata hanya da ta bi ta tsakanin dokar, wadda sunan da suka ba ta yake nufin sakace. Kifin da ke tsaye yana fuskantar igiyar ruwa kullum bakinsa na buɗewa yana rufewa don numfashi. Mai sakace sai ya ɗaura dalma, ya bar zare mai tsawon ƙafa goma ko fiye tsakaninta da ƙugiyar, ya jefa a karkace. Ruwa ya ja zaren a kwance ya ratsa garken, ya faɗa bakin wani kifi kamar zare tsakanin haƙora. Dalma ta ci gaba da gangarawa, zaren ya zame, har ƙugiyar ta zo ta kafe a gefen muƙamuƙi. Ƙugiya a baki take, doka ba ta da ta cewa, amma kifin bai san hawa ba bai san sauka ba. Da wannan dabara ake kama yawancin salmon ja a kogin Kenai na Alaska, kuma can ba a ɗauke ta abin kunya ba. Kalifoniya kuwa a 2018 ta ƙayyade cewa tazarar dalma da ƙugiya kada ta kai ƙafa shida a kogunan da salmon ke hawa.

To cam yana ci ko ba ya ci? Yana ci, kuma cikin danginsa yana daga cikin masu saurin kai cafka. Hujjar da ta fi gamsar da ni ita ce ta masu amfani da toto, ɗan abin nan mai shawagi a saman ruwa. Ƙoton yana rataye ne a tsaye ƙarƙashinsa, ɗan ƙaramin kifi ko wata ƙugiya mai gashi ruwan hoda ko shunayya da aka maƙala wa gutsuren jatan lande, kuma ana saita shi ya wuce ta saman kawunan kifin. Babu zaren da ke share garke a kwance. Idan toto ya nutse, aka ɗago aka tarar da ƙugiya a ganɗar kifin, to shi ya taso ya ɗauka. Me ya sa yake yi alhali ba yunwa yake ji ba? Wasu sun ce fushi ne da kare wuri, domin namijin cam mafaɗaci ne, wasu sun ce sabon kiwo ne bai gama barinsa ba. Masu bincike ma sun samu ƙwan kifi a tumbin wasu salmon da suka riga suka shiga kogi.

Amma wanda ya ce a cunkoso ana fizga fiye da yadda ake amsawa, shi ma gaskiyarsa. Kifin da ya shigo da cikar teku, jikinsa da sauran haske, shi ne mai ci. Wanda ya kwana uku a matse cikin 'yan'uwansa, dalma na faɗo masa ta ko'ina, ya rufe baki. Idan ka ja ƙugiya ta tsakiyar irin wannan garke, ko ba ka yi niyya ba sai ta taɓa wani. Kuma alamomin ba ɓoyayyu ba ne ga mai son gani. Kifin da aka kama ta baki yana girgiza kai, kana iya juya shi. Wanda aka caka a baya ko a wutsiya sai ya miƙe a guje, ka ji kamar buhu kake ja a karkace. Wani lokaci ƙugiya ta dawo da ɓawon jikin kifi guda ɗaya a tsininta. Na sakace kuwa ƙugiyar daga waje take shiga ta yi ciki, kuma kusan kullum a gefen bakin da ke nesa da mai fatsar. Mutumin da ya ga haka sau uku a jere bai canza kayansa ba, bai matsa gefen garken ba, ya san abin da yake yi.

Akwai masu cewa duk wannan ɓata baki ne, tunda kifin gidan ƙyanƙyasa ne, ya fi ƙarfin buƙata, kuma kwanansa ya ƙare. A bakin rafin Finch maganarsu tana da ƙamshin gaskiya. Damuwata ita ce hannun da ya saba fizga a can shi ne zai je rafin da kifinsa na daji ne. Tun 1999 gwamnatin tarayyar Amurka ta sa cam na bazara na Hood Canal da cam na kogin Kolumbiya cikin jerin halittun da ke fuskantar barazana. A Oregon, a kogunan Kilchis da Miami, sai dai ka kama ka saki. A Yukon kifin ya yi ƙarancin da a 2021 aka hana ƙauyuka kama ko na ci, mutanen da kakanninsu da shi suka rayu. Kuma sakin kifin da aka fizgo ba ya mayar da shi yadda yake. Macen da aka ja ta wutsiya na tsawon lokaci ta ƙone kitsen da ta tanada don haƙa gurbin ƙwai, ba ta kuma da hanyar mayar da shi. Idan a ciki aka cake ta, wataƙila ƙwan ma ya tafi.

Jami'in kula da kifi ba ya ganin zuciyar mutum, shi ya sa doka ta koma auna zare da ƙirga bakin ƙugiya, masu wayo kuma suna nemo sabuwar kafa duk lokacin da aka toshe wata. A rafin Kennedy, kudu da Hoodsport, akwai wata 'yar hanya da ake buɗe wa jama'a a watan Nuwamba, ana kai 'yan makaranta su ga cam na daji yana zuba ƙwai. Ruwan bai fi ƙauri ba. Za ka ga mace ta kwanta a gefe guda tana kaɗa tsakuwa da wutsiya har wutsiyar ta yi fari ta zaizaye, maza biyu suna cizon juna a bayanta, gawarwakin waɗanda suka riga suka gama suna kwance a bakin gaɓa tsuntsaye na ci. Kafin ta iso nan sai da ta ratsa sahun masu fatsa da ke tsaye a bakin rafin.