Haɗin Gwiwar Gwamnati da Masu Zaman Kansu a Makarantun Zariya

Haɗin gwiwar gwamnati da masu zaman kansu a harkar ilimi yarjejeniya ce da hukuma ke ƙullawa da kamfani, ko gidauniya, ko ƙungiya, domin su ɗauki wani ɓangare na hidimar makaranta, alhali makarantar tana nan a hannun gwamnati. Ya sha bamban da kyauta. Attajirin da ya gina aji ya miƙa makulli ya tafi, sadaka ya yi, Allah ya saka masa. Haɗin gwiwa kuwa sai an rubuta wa kowa nauyin da ke kansa, da wa'adi, da abin da zai biyo baya in wani ya saɓa.

Asali

Tun kafin zuwan boko, jama'ar Zazzau ke riƙe da makarantun allo da na zaure da kuɗin laraba da sadakar iyaye. A zamanin Turawa mishan suka kafa makarantu a Wusasa, daga cikinsu akwai St. Paul's, wadda ta koma Kwalejin Kufena bayan da gwamnati ta karɓe makarantun mishan a shekarun 1970. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya cika azuzuwa maƙil, kuma tun daga nan kuɗin gwamnati bai sake isar yawan yara ba.

Dokoki

Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na babban asusun gwamnatin tarayya ga hukumar UBEC mai kula da ilimin bai-ɗaya, amma jiha ba ta samun kuɗin sai ta ajiye nata kason daidai da shi. A 2005 aka yi dokar da ta tsara yadda gwamnatin tarayya za ta riƙa ba 'yan kasuwa jinginar ayyukan more rayuwa. A 1993 kuma aka ɗora wa kamfanoni harajin ilimi, wanda daga 2011 asusun tallafa wa manyan makarantu, TETFund, ya riƙa rabawa makarantu irin su Jami'ar Ahmadu Bello. Wannan dai haraji ne na dole, ba haɗin gwiwa ba.

Yadda abin yake a Zariya

Mafi yawan abin da ake gani a nan gini ne. Gidauniyar Dangote ta gina wa Jami'ar Ahmadu Bello ɗakunan kwanan ɗalibai. Ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai, musamman ta Kwalejin Barewa, kan gyara azuzuwa da ɗakunan gwaji. A firamare kuma akwai kwamitin kula da makaranta, inda iyaye da mai unguwa da hedimasta ke zama su nemo wanda zai mayar da kwanon da iska ta yaye, ko ya haƙa rijiyar burtsatse.

Gini yana da daɗin nunawa, shi ya sa ake rububinsa. Sai dai mai shiga makarantun ya san sauran labarin: bango ya sha fenti, an kafa allo da sunan mai taimako a bakin ƙofa, ɗakin kwamfuta kuwa a garƙame saboda babu wuta, yara a zaune a ƙasa gwiwa na gugar gwiwa, malami ɗaya yana fama da su. A 2017 gwamnatin Jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa ta matakin aji huɗu, ta ce 21,780 sun faɗi. An yi ta ce-ce-ku-ce kan yadda aka gudanar da ita, amma ta nuna inda gizo ke saƙa: a gaban allo.

Muhawara

A wasu wurare haɗin gwiwar ya shiga cikin aji. Laberiya ta damƙa wa masu zaman kansu gudanar da wasu makarantunta a 2016, Jihar Edo kuma ta ɗauko kamfani a 2018 domin horar da malamai da tsara darussa. Binciken da aka yi a Laberiya ya nuna karatun yara ya ɗaga, amma an kashe kuɗi fiye da na sauran makarantu, kuma an rage yara daga wasu azuzuwan da suka cika. Wannan na ƙarshen shi ya fi dacewa iyaye a Tudun Wada da Sabon Gari su lura da shi, domin ɗan talaka ake fara turewa. Saboda haka masu nazari ke neman kowace yarjejeniya ta hana korar yaro da karɓar kuɗi a ɓoye, ta kuma ɗaura biyan kamfani a kan yawan yaran da suka iya karatu da lissafi.