Sinima da Nishaɗi a Ikko Zamanin Mulkin Mallaka

Ikko, wato Legas, ita ce ƙofar da sinima ta shigo Nijeriya. A watan Agustan 1903 aka fara haska fim ga jama'a a zauren Glover Memorial Hall da ke tsibirin Ikko, shekara takwas bayan 'yan'uwan nan biyu na gidan Lumière sun yi nunin farko na kuɗi a Paris cikin Disambar 1895. Wani kamfanin Sifaniyawa mai suna Balboa ne ya kawo injin, bisa gayyatar Herbert Macaulay, wanda daga baya ya zama jigo a siyasar neman 'yancin kai. A wannan shekarar ce kuma Turawan Ingila ƙarƙashin Lugga suka ci Kano da Sakkwato, suka shiga Katsina ba tare da yaƙi ba. Ke nan lokacin da mutanen Ikko ke biyan kuɗi su kalli hoto mai motsi, ƙasar Hausa tana fama ne da zuwan Nasara.

Dalilin da ya sa Ikko ta riga kowa

Ingila ta mallake Ikko tun 1861, fiye da shekara 40 kafin ta ci Kano da Sakkwato. Jiragen ruwan kamfanin Elder Dempster suna kai da komowa tsakanin Liverpool da gaɓar Afirka ta Yamma, suna sauke atamfa da gishiri da kananzir, suna lodin manja da ƙwarar manja. A cikin irin wannan kaya injin haska fim da faifansa suka zo, haja ce kamar kowace haja. Garin ya samu wutar lantarki kafin ƙarshen ƙarni na 19, yana da jaridu masu buga talla, sannan yana da mutanen da suka saba sayen tikiti su shiga zaure su zauna kallo.

Waɗannan mutanen su ne ginshiƙin lamarin. Akwai Saro, zuriyar 'yantattun bayi da suka dawo daga Saliyo da ilimin boko, lauyoyi da likitoci da akawuna. Akwai Aguda, waɗanda suka dawo daga Birazil da Kuba da sana'ar gini da kafinta da bukin kan titi na shiga burtu. Tun shekarun 1880 waɗannan rukunoni biyu suke shirya daren waƙe-waƙe da wasan kwaikwayo a makarantun mishan da zaurukan taro. Su kuwa Yarabawa 'yan asalin gari suna da nasu, irin su bukin Eyo da kiɗan sakara. Turawa da manyan gari kuma suna haɗuwa a filin sukuwa, wurin da yanzu ake kira dandalin Tafawa Ɓalewa.

Shi kansa zauren da aka yi nunin farko yana da alaƙa da Hausawa ta wata fuska. An sa masa sunan John Glover, gwamnan Ikko da ya kafa rundunar 'yan sandan Hausawa a 1863, wadda daga cikinta sojan Nijeriya ya samo tushe. Saboda haka tun kafin fim ya zo akwai Hausawa a garin, sojoji da fatake da mahauta, daga baya kuma 'yan goro suka cika Agege.

Abin da aka fara kallo

Finafinan farko gajeru ne ƙwarai, ba magana, wasu ba su fi minti ɗaya ko biyu ba: jirgin ruwa yana keta teku, dawaki suna tsallake shinge, 'yan wasan tsalle-tsalle, da bikin naɗin Sarkin Ingila Edward na Bakwai. Bayan Balboa sun yi gaba zuwa wasu garuruwan gaɓa, wani Bature mai suna Stanley Jones ya ci gaba da nuni a zauren. A 1904 aka haska hoton ziyarar Alake na Abeokuta zuwa Ingila, jama'a suka ga sarki baƙar fata irinsu yana motsi a jikin allo. 'Yan mishan ma ba a bar su a baya ba, sun yi amfani da hotunan fitila da finafinan addini wajen wa'azi.

Gwamnati ta sa ido tun da wuri. A 1912 ta kafa dokar da ta ce sai da lasisi za a yi nuni a kowane gini, a shekarun 1930 kuma aka kafa hukumar tace finafinai. Abin da ya fi damun Turawan mulki shi ne kada talaka ya ga Bature ɗan fashi ko Baturiya a halin zubar da mutunci, girman da suke taƙama da shi ya zube.

Gidajen sinima na dindindin sun bunƙasa ne a shekarun 1930, bayan fim ya fara magana. 'Yan kasuwa Labanawa, waɗanda Hausawa ke ce wa Kwara, su suka riƙe harkar. Kamfanin West African Pictures ya buɗe gidaje irin su Rex da Regal da Royal. Da yawansu fili ne da aka kewaye da katanga ba rufi, don haka sai duhu ya yi ake farawa, kuma ruwan sama na iya tashin kallo. Wurin zama ya danganta da kuɗin mutum: masu hali a kujera can baya, talakawa a benci gab da allo. Finafinan kaboyi na Amurka da na barkwancin Charlie Chaplin su ne 'yan gaban goshi, kafin na Indiya su zo a shekarun 1950.

Sinima ba ta kashe wasan dandamali a Ikko ba. A zauren Glover ɗin nan Hubert Ogunde ya gabatar da wasansa na farko a 1944, yana ɗan sanda a lokacin, sannan ya ajiye aiki ya kafa ƙungiyar wasan kwaikwayo mai yawo gari-gari, wadda ta riƙa caccakar mulkin mallaka har hukuma ta hana wasu wasanninta. Kiɗan juju ya taso daga mashayun bammi a shekarun 1920 zuwa 1930, Tunde King na cikin na farko da aka ɗauka a faifan garmaho, bayan yaƙin duniya na biyu kuma su Bobby Benson suka cika gidajen rawa.

Hanyar Katsina da Daura

Fim ya hau Arewa ne ta bin layin dogo, wanda ya isa Kano a 1911. Gidan sinimar Rex na Kano ya buɗe a 1937 a wajen ganuwa, Palace kuma a cikin birni a farkon shekarun 1950, bayan gardama mai zafi da malamai. Gobarar sinimar El-Duniya ta 1951, wadda ta ci mutum fiye da 300, ta ƙara wa masu ƙyamar abin hujja, wasu na ganin fushin Allah ne a kan "dodon bango", kamar yadda ake kiran fim a lokacin.

Birnin Katsina da Daura kuwa dogo bai ratsa su ba a wancan zamani. Reshen da ya tashi daga Zariya ya bi ta Funtuwa ne ya nufi Gusau da Ƙauran Namoda. Don haka mafi yawan mutanen lardin Katsina ba a gidan tikiti suka fara ganin fim ba, a majigi suka gan shi, kyauta, a ƙofar fada ko ƙofar gidan hakimi.

Majigi ma daga Ikko ta samo asali. William Sellers, wani jami'in kiwon lafiya, shi ya fara amfani da fim wajen wayar da kai lokacin annobar da ɓeraye ke yaɗawa a garin, ƙarshen shekarun 1920. Daga nan aka ƙera mota mai ɗauke da janareta da inji da allo da lasifika. A 1939 aka kafa sashen finafinan ƙasashen mallaka a Landan, aka ba shi shugabanci. Ra'ayin Sellers shi ne ɗan Afirka ba zai iya bin fim mai saurin sauya hoto ba, sai an yi masa a hankali, abu ɗaya bayan ɗaya. Da ya leƙa bencin gaba a sinimar Rex ya ga yadda yara ke bin labarin kaboyi har suna faɗin abin da zai faru, da wataƙila ya sake tunani.

Tsarin majigi a ƙasar Katsina da Daura ya bi ta hannun En'e, wato hukumar gargajiya ta sarki. Sanƙira ya yi shela da rana, da magariba a kafa allo, hakimi da dagatai su zauna a gaba, maza gefe, mata da yara gefe. Mai bayani yana riƙe da makirfo yana fassara da Hausa, kuma daɗin kallon ya dogara ne ga iya bakinsa. Darussan ba sa wuce tsaftar rijiya, lambar agana, biyan haraji, yaƙi da jahilci, da noman gyaɗa da auduga. Wanda ya fi zama a bakin dattawa shi ne Baban Larai, fim ɗin koyar da noma, abin da ya dace da yankin Funtuwa da Malumfashi inda ake da injinan gurzar auduga. Daga baya kamfanonin sabulu da magunguna suka kawo nasu motocin talla, 'yan siyasar Jamhuriya ta Farko ma suka ɗauki salon.

Majigi ta tarar da gari cike da nasa wasanni: dambe da kokawa bayan kaka, tashe a watan azumi, 'yan kama da 'yan gambara a kasuwa, kalankuwa a ƙauyuka, ga hawan sallah. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, ya je Ingila da Makka a 1921, kuma a zamaninsa wasan folo ya kafu a Katsina, ɗansa Sarki Usman Nagogo ya shahara a kansa. Gidan sinima na kuɗi, da ya zo garuruwan lardin daga baya, ya daɗe ana masa kallon matattarar 'yan iska, ba wurin da matar aure ko ɗan malam zai je ba, alhali majigi, da yake sarki ne ya yi kira, kowa na zuwa da iyalinsa.