Waiwaye: Yadda mudun auna makarantun kasuwanci ya koma hannun mujallu

Kafin 1988, darajar makarantar koyon kasuwanci a Amurka magana ce ta cikin gida. Shugabannin makarantu su yabi juna, a ƙirga binciken da furofesoshi suka wallafa, shi ke nan. Tsofaffin gidaje irin Harvard da Wharton, wadda aka kafa tun 1881, ba mai ja da su.

A 1988 ne mujallar BusinessWeek ta tsallake malaman, ta je ta tambayi waɗanda suka gama digirin MBA (digiri na biyu a harkar gudanar da kasuwanci) da kamfanonin da ke ɗaukarsu aiki. Da sakamako ya fito, sai ga Kellogg ta Jami'ar Northwestern a kan gaba. Manya suka yi ta gunaguni, mujalla kuwa ta yi kasuwa. Daga nan kowa ya fito da mudunsa: US News, sai Financial Times a 1999, sai Economist a 2002.

Mudun Financial Times ne ya fi fallasa inda aka dosa. Shekaru da dama, kusan kashi 40 cikin 100 na makinta ya dogara ne kan albashin ɗalibi shekara uku bayan kammalawa. Ke nan makarantar da 'ya'yanta ke tururuwa bankuna ta sha gaban wadda nata suka tafi koyarwa ko aikin gwamnati, ko da ta fi iya karantarwa. A 2004 Harvard da Wharton suka daina bai wa mujallu adireshin ɗalibansu, amma jerin bai fasa fitowa ba.

Babbar ɓarakar ita ce, yawancin alƙaluman makarantun ne ke miƙawa da hannunsu, kamar a bar mai hatsi ya auna wa kansa. Makarantar Fox ta Jami'ar Temple a Filadelfiya ta yi shekara huɗu a jere tana ta ɗaya a jerin US News na MBA ta intanet, har ta ce duk sababbin ɗalibanta sun kawo sakamakon GMAT, jarrabawar neman shiga makarantun kasuwanci, alhali ko rabi ba su kai ba. Asiri ya tonu a 2018, aka sallami shugabanta Moshe Porat, kotu ta ɗaure shi wata 14 a 2022. A wannan shekarar Economist ta jingine nata jerin, sauran kuwa suna nan suna awo.