Zanga-zanga a Ghana: shin sai da izinin 'yan sanda?

Duk lokacin da matasan unguwannin Nima ko Maamobi a birnin Accra suka ce za su fita nuna ƙin wata manufar gwamnati, sai ka ji dattawa na tambaya: "Kun karɓo izinin 'yan sanda kuwa?" Tausayi ne ke sa su tambaya, amma doka ba ta buƙaci haka ba.

Sashe na 21 na tsarin mulkin 1992 ya ba kowa 'yancin faɗin albarkacin bakinsa da na yin taro, har da jerin gwano da zanga-zanga. A 1993 jam'iyyar NPP ta maka Sufeto Janar na 'yan sanda a kotu, Kotun Ƙoli kuwa ta soke sharaɗin neman izini da ke cikin dokar mulkin soja ta 1972. Daga nan aka kafa dokar tsaron zaman lafiya ta 1994, mai lamba 491.

Abin da wannan doka ke nema shi ne masu shiri su kai rubutacciyar sanarwa caji ofis mafi kusa da wurin taron, aƙalla kwana 5 kafin ranar. In 'yan sanda suka hango fitina, za su iya neman a ɗage ko a sauya wuri, ku kuma ku ba su amsa a rubuce cikin awa 48. Idan kun ƙi, ba su da hurumin hana ku da bakinsu, sai sun je gaban alƙali. A nan ne abin ke ci mini tuwo a ƙwarya: sau da yawa sai ana gobe fita 'yan sanda ke garzayawa kotu. A Satumban 2023 an kama gomman masu shirin zanga-zanga zuwa Jubilee House, fadar shugaban ƙasa, 'yan sanda na kafa hujja da cewa sun riga sun shigar da buƙata gaban kotu.

Taken da ake rerawa fa? Daga "Kume Preko" na 1995, da aka yi kan harajin VAT, zuwa "Fix The Country" na 2021, babu wanda doka ta haramta don kawai ya soki masu mulki. Tun 2001 majalisa ta soke laifin tunzura jama'a ga gwamnati da na ɓata suna. Mai cewa sukar gwamnati rashin kishin ƙasa ne, ra'ayinsa ya faɗa.

Sai dai a kula da sashe na 207 da 208 na dokar laifuka ta 1960. Na farko ya hana zagi ko barazanar da ka iya ta da husuma, na biyu ya hana yaɗa labarin ƙarya mai firgita jama'a, kuma har yanzu ana kama mutane da su. Wanda ya lalata kayan gwamnati a wurin zanga-zanga shi ma zai biya.