Kalmomin Shiru da Rasa Abin Faɗa a Sinanci da Japananci

Sinanci da Japananci ba dangin juna ba ne, amma Japanawa sun ari harufan Sin tun wajen ƙarni na 5 miladiyya, tare da ɗimbin kalmomi. Kalmomin shiru na cikin abin da aka ara. Yawancinsu rubutu ɗaya ne a ƙasashen biyu, lafazi ne ya bambanta, wasu kuma har ma'anarsu ta raba hanya.

Ginshiƙin waɗannan kalmomi shi ne harafin 默, wanda Sinawa ke karantawa mo, Japanawa kuma moku, da siffarsa da suka sauƙaƙa zuwa 黙. An haɗa shi daga harafin "baƙi" (launi) da na "kare". Ƙamus ɗin Shuowen Jiezi, wanda Xu Shen ya kammala wajen shekara ta 100, ya fassara shi da kare mai bin mutum. Ɓangaren "baƙi" lafazi yake nunawa. Daga baya ma'anar shiru ta danne ta farko. In aka sa masa harafin "nitsewa" a gaba sai a sami chenmo a Sinanci, chinmoku a Japananci, wato mutum ya nitse cikin shiru.

Harsunan biyu suna raba shirun mutum da shirun wuri. Ɗakin karatu ko daren ƙauye anjing ne a Sinanci, shizuka a Japananci. Wanda ya kame bakinsa kuwa, Bajapane zai ce damaru, kuma sigar umarninsa, damare, tsawa ce daidai da "rufe min baki". Mutum mara yawan magana mukuchi ne, a zahiri "ba baki". Japananci ma yana da amon da yake kwaikwayon rashin amo: shiin, da ake rubutawa a littattafan zane na manga idan wuri ya yi tsit.

Inda maganar ta fi armashi shi ne rasa abin faɗa. Kalmar Sinanci wuyu (无语), "ba magana", tsohuwa ce a waƙe, inda take nuna baƙin cikin da ya fi ƙarfin harshe. Matasan yau a intanet sun mai da ita ta takaici: wani ya yi wautar da ba ta cancanci amsa ba, sai a rubuta masa wuyu, ko a jera masa ɗigo shida kawai. Wanda aka ƙure a gardama kuwa "ya kou wu yan" ake cewa a Sinanci. Akwai kuma karin maganar bebe da ya ci huanglian, wata saiwar magani mai ɗaci kamar maɗaci: ya ji ɗacin, ba halin faɗa.

Japanawa suna cewa zekku (絶句) idan firgici ko mamaki ya katse wa mutum magana. Abin mamaki, waɗannan harufa a Sinanci jueju ne, sunan waƙa mai layi huɗu da ta yi tashe zamanin daular Tang. Japananci ya riƙe wannan ma'ana, ya ƙara ta biyu daga zahirin harufan, "yankewar jimla". Basine da ya ga kalmar a jaridar Japan zai iya zaton zancen waƙa ake yi.

Shiru yana iya zama yarda: moren a Sinanci amincewa ce ba tare da furtawa ba, da ita kuma ake kiran saitin da kwamfuta ko waya ta zo da shi. Yana iya zama ƙi. Mokusatsu (黙殺), "kashewa da shiru", kalmar Japananci ce da ta yi suna a tarihi. Bayan Sanarwar Potsdam ta 26 ga Yuli 1945, wadda ta nemi Japan ta miƙa wuya, Firayim Minista Suzuki Kantaro ya yi amfani da ita gaban 'yan jarida ranar 28 ga wata. A waje an ɗauke ta a matsayin watsi da sanarwar. Wasu na cewa kawaici kawai yake nufi. Ana yawan ba da labarin kamar kuskuren fassara ne ya jawo bam ɗin Hiroshima na 6 ga Agusta, sai dai wannan zuzutawa ce, domin an riga an ba da umarnin jefa bam ɗin tun 25 ga Yuli.

Harafin 默 ɗin nan dai shi ne a shirun makoki. Japanawa suna mokuto a Hiroshima kowace 6 ga Agusta da ƙarfe 8:15 na safe. Sinawa suna kiran nasu mo'ai. Ranar 19 ga Mayu 2008 ƙasar ta yi shi na minti uku daga ƙarfe 2:28 na rana, mako guda cif bayan girgizar ƙasar Sichuan.