Zaɓen Dole

Zaɓen dole tsari ne da doka ke wajabta wa duk ɗan ƙasa da ya isa jefa ƙuri'a ya fito ranar zaɓe, ta kuma tanadi hukunci ga wanda ya ƙi fitowa ba tare da uzuri ba. A Najeriya babu irin wannan doka. Kaɗa ƙuri'a haƙƙi ne da mutum zai yi amfani da shi ko ya bari, sai dai an taɓa yunƙurin sauya hakan a Majalisar Wakilai da ke Abuja a 2025.

Abin da doka ke iya tilastawa

Tun da ƙuri'a a asirce ake jefa ta, babu hukumar da za ta san abin da mutum ya dangwala. Iyakar abin da ake iya tabbatarwa shi ne ya zo rumfar zaɓe, an tantance shi, ya karɓi takarda ya jefa a akwati. Yana iya jefa ta babu dangwale, ko ya lalata ta da gangan. Wannan ce hujjar da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai ta dogara da ita a 1972, da ta ce zaɓen dole bai tauye 'yancin tunani ba.

Beljiyam ta wajabta zaɓe a 1893, Ajantina a 1912, Ostiraliya kuma a 1924. A Ostiraliya waɗanda suka fito zaɓen 1922 ba su kai kashi 60 cikin ɗari ba, amma a na 1925 suka haura kashi 90. Bayan kowane zaɓe hukumar zaɓensu na bin rajista ta tsamo sunayen da ba su yi zaɓe ba, ta aika wa kowa takarda. Mutum ya kawo uzuri karɓaɓɓe, kamar rashin lafiya ko hanin addininsa, ko ya biya tarar dala 20 ta ƙasar. In ya ƙi duka biyun sai kotu. Tarar ba ta taka kara ta karya ba. Abin da ke riƙe da tsarin shi ne sauƙin da aka yi wa jama'a: ranar Asabar ake zaɓe, ana iya jefa ƙuri'a kafin ranar ko a aika ta gidan waya, ma'aikata kuma na kai akwati har ƙauyuka masu nisa. Birazil ta wajabta wa 'yan shekara 18 zuwa 70, ta bar wa waɗanda ba su iya karatu ba zaɓi, wanda kuwa bai yi zaɓe ba kuma bai wanke kansa ba ana iya hana shi fasfo. Holan ta soke nata a 1970.

Matsayin tsarin mulkin Najeriya

Sashe na 77(2) na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ce ɗan ƙasa da ya kai shekara 18 yana da haƙƙin a yi masa rajistar zaɓe, sashe na 132(5) kuma ya ba mai rajista haƙƙin zaɓen shugaban ƙasa. Lafazin haƙƙi aka yi amfani da shi a duka biyun. Sashe na 24 da ya jero wajiban ɗan ƙasa ya ambaci biyayya ga kundin, mutunta tuta da taken ƙasa, taimaka wa hukuma wajen tabbatar da doka, da biyan haraji a kan kari. Bai ambaci zaɓe ba.

Masu adawa da tilas kan ƙara da sashe na 38, 39 da 40, na 'yancin tunani da addini, faɗin albarkacin baki da shiga ƙungiya. A ganinsu ƙin fita zaɓe ma magana ce: wanda ya duba 'yan takara bai ga na zaɓa ba, zamansa a gida shi ne ra'ayinsa. Masu goyon baya kuwa sukan nuna sashe na 45, wanda ya yarda a taƙaita waɗannan 'yanci saboda tsaron ƙasa, zaman lafiya, tarbiyya, lafiyar jama'a ko kare haƙƙin wasu. Da wuya a cusa ƙarancin masu zaɓe cikin waɗannan dalilai, shi ya sa lauyoyi da dama ke ganin sai an gyara kundin kansa kafin irin wannan doka ta tsaya da ƙafarta.

Ba wai doka ba ta taɓa mayar da haƙƙi wajibi ba. Dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 ta tilasta wa iyaye sa yara makarantar firamare da ƙaramar sakandare: karon farko gargaɗi, na biyu tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya. Amma a nan haƙƙin na yaro ne da bai iya kare kansa ba, iyaye ake tilastawa domin shi. Baligi mai hankali da ake so a tilasta wa amfani da nasa haƙƙin, shari'arsa daban ce.

Ƙudurin 2025

Kakakin Majalisar Wakilai Abbas Tajuddeen da Daniel Asama Ago, wakilin Jos ta Arewa da Bassa, su suka kawo ƙudurin gyara Dokar Zaɓe ta 2022 domin wajabta zaɓe. Ya tsallake karatu na biyu ranar 15 ga Mayu, 2025, da tanadin tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida. Ƙungiyar Lauyoyi ta Najeriya da ƙungiyoyin farar hula suka yi masa ca, kafin watan ya ƙare Kakakin ya janye shi.

Damuwar da ta haifi ƙudurin ta gaske ce. A 2003 kusan kashi 69 na masu rajista suka fito zaɓen shugaban ƙasa, a 2019 kusan kashi 35, a 2023 kuwa kusan kashi 27: kusan mutum miliyan 25 daga cikin miliyan 93 da ɗoriya. Sai dai waɗannan alƙaluma su ne kuma suka tona raunin ƙudurin. Da dokar na aiki a 2023, mutum wajen miliyan 68 za a tuhuma, da tarar da ta fi mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 na yanzu. Babu kotu ko gidan gyaran hali da zai ɗauki wannan.

Inda aiwatarwa za ta cije

Mutum a rumfar da ya yi rajista kaɗai yake zaɓe, ranar kuma an hana zirga-zirgar ababen hawa. Ma'aikacin da ya yi rajista kusa da ofis a Garki ko Wuse amma yake kwana a Mararaba ko Suleja, ba shi da hanyar isa. Haka ɗalibin Jami'ar Jos da aka rufe makaranta ya koma gida, da iyalan da rikici ya kora daga ƙauyukan Bokkos, Mangu ko Barikin Ladi suka bar katinsu a baya. A zaɓen 2023 malaman zaɓe, jami'an tsaro da ke bakin aiki da 'yan Najeriya mazauna ƙetare ba su da hanyar jefa ƙuri'a. Rajistar kanta tana ɗauke da sunayen mamata, domin ba kowace mutuwa ake kai wa hukuma ba. Sama da mutum miliyan shida da suka yi rajista ba su karɓi katinsu ba kafin zaɓen. Wanda kuma ya je da sassafe kayan zaɓe ba su iso ba, ko na'urar tantance masu zaɓe ta BVAS ta ƙi tantance shi, babu wata takardar shaida da ake ba shi da zai nuna wa alƙali cewa ya fito.