Durƙushewar Masaƙun Kaduna

Durƙushewar masaƙun Kaduna ita ce rufewar manyan kamfanonin saƙa na unguwar Kakuri a shekarun 2000, wadda ta raba dubban ma'aikata da hanyar abincinsu. Yawancin sanadinta daga manufofin gwamnati ya fito.

Tarihi

Gwamnatin Jihar Arewa ta Sardauna, da haɗin gwiwar kamfanin David Whitehead na Ingila, ta kafa masaƙar Kaduna Textiles Limited (KTL), wadda ta fara aiki a 1957. Nortex ta biyo baya wajen 1962, United Nigerian Textiles Limited (UNTL) a 1964, sai Arewa Textiles wajen 1965. Ana gurzar auduga a Funtuwa da Gusau, a kaɗa ta a Kakuri, a saƙa akoko, a buga atamfa, a kai Kantin Kwari. Masaƙun na aiki dare da rana, kuma a shekarun 1980 saƙa ta fi kowace masana'anta a Najeriya yawan ma'aikata.

Manufofi

Shirin gyaran tattalin arziki (SAP) na gwamnatin Babangida a 1986 ya karya darajar naira, daga kusan kunnen doki da dala zuwa wajen naira 4 kan dala ɗaya a 1987. Rini da sinadarai da kayan gyaran injuna duk daga waje ake sayo su, sai tsadarsu ta ninka. A lokacin aka rushe hukumar auduga mai raba iri da yanka farashi. Iri ya gauraye, ingancin auduga ya faɗi, manoma da yawa suka koma masara.

A 1997 aka ɗage haramcin shigo da yadi. An mayar da shi a zamanin Obasanjo, amma atamfar Sin ta ci gaba da kwararowa ta fasa-ƙwauri daga Kwatano da Maraɗi. Wuta ma ta gaza. Idan aka ɗauke ta ana tsakiyar bugu, yadin da ke kan inji ya lalace, ga baƙin man tukunyar tururi ya yi wuyar samu.

Sakamako

KTL ta rufe a 2002, Arewa Textiles bayan 'yan shekaru, UNTL a 2007. Tsofaffin ma'aikatan KTL sun shekara da shekaru suna neman kuɗin sallama, wasu har suka rasu ba su karɓa ba. Masu abinci da masu gidajen haya a Kakuri da Makera sun rasa ciniki.

Farfaɗowa

Wajen 2010 an ware wa harkar auduga da masaƙu naira biliyan 100 ta Bankin Masana'antu, UNTL ta ɗan sake buɗewa. Ana saɓani kan amfanin tallafin.